Zafin Garwa da Amfilifaya: Firij da Ruwa Ba Su Ne Mafita Ba

Garwa, babban birnin Jihar Arewa ta Kamaru da ke bakin kogin Binuwai, tana cikin garuruwan da suka fi zafi a ƙasar. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da rana. A shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin wannan lokaci, wato daidai sa'ar da lasifikokin masallatai ke aiki dare da rana saboda tafsiri da tarawihi da tahajjud. Bayan Sallah kuma sai bukukuwan aure su karɓa. A irin wannan yanayi amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta isa lasifika, takan ɗauki zafi har ta yanke ana tsakiyar magana, wani lokaci ma ta ƙone ƙurmus. Ga kwamitin masallaci wannan kuɗin jama'a ne ya salwanta, ga mai hayar kayan sauti kuwa jarinsa ne.

Akwai shawarar da akan ji a bakin wasu masu sha'awar lantarki, cewa a sanyaya na'urar da injin firij, ko a zagaya mata ruwa a siririn bututu kamar yadda lagireto ke yi wa injin mota. Shawarar tana da daɗin ji, amma a Garwa da Marwa da makamantansu ɓarnarta ta fi amfaninta.

Sai an san inda zafin ke fitowa kafin a yi hukunci. Amfilifaya ba ta mayar da duk wutar da ta sha zuwa sauti. Nau'in da ya daɗe a kasuwa, wanda ake kira ajin AB, idan yana aiki sosai yakan isar da wajen kashi 60 cikin ɗari ga lasifika, sauran ya zama zafi a jikin tiransisto. Ke nan idan lasifika na karɓar wat 300, na'urar na shan wat 500, kuma wat 200 na zama zafi a cikin akwati. Shi ya sa ake ɗaure tiransisto a jikin ƙarfen alminiyum mai haƙarƙari, wanda ke kwashe zafin ya miƙa wa iska. Shi kuwa zafi yana gudu ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin abu mai zafi da abin da ke kewaye da shi. Ƙarfen da ke digiri 70 a ɗakin da ke digiri 25 yana da tazarar digiri 45. A zauren da ke digiri 42 tazarar ta koma 28 kacal. Na'urar ba ta canza ba, iskar ce ta kasa ɗaukar kayan da aka ɗora mata.

Masu goyon bayan ruwa suna da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska ke ɗauka, kuma manyan na'urorin watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin da ɗakunan manyan kwamfutoci suna amfani da shi. To amma waɗannan na'urori ne da aka girke wuri ɗaya, injiniyoyi na kula da su. Amfilifayar biki kuwa a bayan babur ko a cikin a-kori-kura take yawo daga unguwa zuwa unguwa. Kowace mahaɗar bututu ƙofar yoyo ce, kuma ɗigo ɗaya a kan allon lantarki ya isa ya kashe na'urar, ko ya jefa mai riƙe da makirfo cikin haɗari. Bugu da ƙari, ruwan ba ya haɗiye zafin. Ɗaukarsa yake yi ya kai wa lagireto, lagireto kuma ya miƙa wa iskar nan mai digiri 42. An ƙara famfo da bututu da nauyi, kuma har yanzu ana buƙatar fanka.

Matsalar firij ta fi wannan. An ƙera firij na gida ne don ya riƙe sanyin abincin da ba ya haifar da zafi. Idan aka sa masa abin da ke fitar da wat 200 ba ƙaƙƙautawa, injinsa zai yi ta aiki ba hutu har ya gaji. Sannan duk abin da aka sanyaya fiye da kima yakan tara raɓa, kamar gumin da ke fitowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Da rani iskar Garwa busasshiya ce, haɗarin bai kai haka ba, amma da damina ta faɗi iska ta yi laima, raɓar za ta kwanta a kan wayoyi.

Akwai kuma batun wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwan tafkin ya ja baya wutar takan ragu, shi ya sa aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gider don cike giɓi. Sanyin da ya rataya a kan injin firij ko famfo yana tsayawa da zarar ɗayansu ya tsaya, alhali amfilifaya na ci gaba da aiki da janareta ko batir. A kan janareta kuma firij ƙarin man fetur ne. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a rage zafin tun daga tushensa. Na farko, a daina jibga wa na'ura lasifikoki. Lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 4, huɗu kuwa sun koma om 2, kuma duk sa'ad da adadin ya ragu da rabi wutar da ake ja daga tiransisto takan ninka. Na biyu, ƙurar hunturu da ta taru daga Disamba zuwa Fabrairu takan toshe haƙarƙarin ƙarfen ta zame masa bargo, saboda haka a kai na'ura wurin mai gyara ya bushe ta kafin bazara, ya duba fankarta, ya sabunta farin man da ke tsakanin tiransisto da ƙarfe. Na uku, a ajiye ta a inuwa, nesa da rufin kwano, kada a kulle ta a akwatin katako ko a lulluɓe ta da darduma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙa'idar da masu ƙera kafasito ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa.

Na huɗu, idan lokacin sayen sabuwa ya yi, a nemi ajin D, wanda ke isar da wajen kashi 90 cikin ɗari ga lasifika. A lissafin wat 300 na ɗazu, zafin da zai fitar bai wuce wat 35 ba. Gyaransa ya fi wuya, kuma ba kowane mai gyaran rediyo ne ya saba da shi ba, don haka makarantun koyon sana'a na Garwa da Marwa suna da aiki a gabansu. Duk da haka, kuɗin da kwamitin masallaci zai kashe a kan famfo da bututu da firij gara ya tara su ya sayi na'urar da zafinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tsohuwar ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Fabrairu ne lokacin duba kayan sauti, tun kafin zafi ya kankama.