Ƙwarya cikin gilashi ba ta kiɗa

Ƴan uwana ɗalibai, a duk lokacin da aka ɗauko tarihin Damagaram, sai mu ji labarin Sarki Tanimu, da ganuwar Birni, da igwa, da dawakai. Rabon mata kuwa shi ne turmi da taɓarya da ƙwarya, a jera su cikin muze, a manna masu takarda. Ni dai na ce wannan jana'iza ce ake yi wa fasahar uwayenmu, ana kiranta adana tarihi.

Ku dubi amada. Mata ne ke kifa ƙwarya, wata ma a kan ruwa, su buga ta a gidan biki ko suna. Babu ƴar kallo a wurin: zabiya ta bayar, kowa ta amsa, wadda abin ya taɓa ta miƙe ta taka. A nan ake faɗa wa miji marar cefane gaskiya, a nan ake maganar kishiya da bashi da neman na kai. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana zaburar da mata su kama sana'a, kuma har nan Zinder an san muryarta. In an ɗauke matan aka bar ƙwaryar, me ya saura? Abin kwaɓa fura.

A wasu ƙasashe irin wannan wasa da ƴan kallo ke shiga ciki ya samu mazauni a manyan gidaje. A 1964, a Kyoto ta Japan, Yoko Ono ta zauna shiru, ta ajiye almakashi, ta bar mutane su yanki tufafinta, don kowa ya ga abin da hannunsa ke iya yi wa mace. A 2010 Marina Abramović ta yi sama da awa 700 zaune a gidan MoMA na New York, duk mai so ya zauna gabanta. Ban ce mu kwaikwaye su ba. Cewa na yi namu ya riga nasu, amma namu ake kira shirmen mata.

Muzen Bubu Hama na Yamai, da aka buɗe a 1959, yana da maƙera da dukawa masu aiki a gaban jama'a. To, in maƙeri zai shiga muze da ransa da gudumarsa, me ya hana ƴar amada?

Sai dai a yi hattara. In za a kwaso su ne su yi minti goma gaban manyan baƙi, maza sun cika kujerun gaba, an tace masu baki, wallahi gara a bar su a gida. Wannan ma gilashi ne, ganinsa ne kawai ba a yi.

Ga abin da nake nema daga muzen Zinder da jami'armu ta André Salifou: a ba mata fili da rana tasu, su zaɓi mai shiga da abin da za a rera, a biya su kamar yadda ake biyan kowane gwani, a rubuta sunan kowace zabiya a bango. Mu kuma ɗalibai, musamman mata, mu je mu zauna a tabarmar mu yi amshi.