Rikicewar Bugun Zuciya Ba Hujjar Yin Lalube Ba Ce

Yau ƙorafi na zo da shi.

Wata rana da yamma aka aiko mini takarda a ɗakin magani, ana neman amiodarone na ƙarin ruwa domin wata dattijuwa mai rikicewar bugun zuciya. An riga an sa mata doguwar roba ta ƙarƙashin ƙashin wuya. Na tambaya ko an duba inda bakin robar ya tsaya, aka ce jini yana dawowa idan an ja, saboda haka babu matsala. Na roƙi a ɗauki hoton ƙirji tukuna. Da hoton ya fito, sai ga robar ta karkata ta haura wuya, ta nufi kai maimakon zuciya. Ɗiyarta ta ce mini an gaya musu wai irin zuciyar mahaifiyarsu ba ta yarda a auna ba. Wannan uzuri ne nake so mu daina karɓa.

Bari in fara da bayanin robar. Wasu magunguna suna da zafin da ƙananan jijiyoyin hannu ba sa iya ɗauka na tsawon lokaci: amiodarone, noradrenaline da ake ɗaga hawan jinin wanda ya galabaita da shi, potasiyam mai ƙarfi, abincin da ake bayarwa ta jijiya, da wasu magungunan ciwon daji irin su doxorubicin. Saboda haka ake zura siririyar roba ta wuya, ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ko ta damtse, har bakinta ya isa ƙarshen babbar jijiyar da ke mayar da jinin sama cikin zuciya, daidai ƙofar ɗakin dama na sama. A nan jini yake da yawa da gudu, yana surka maganin nan take. Idan bakin ya tsaya can baya, ko ya ɓace cikin wata jijiya, maganin yana iya ƙone bangonta ko jini ya daskare. Idan kuma ya zarce cikin zuciya, yana iya tsokanar bugunta, a wasu lokuta ma ya huda bangonta. Dawowar jini a sirinji ba ta bambance waɗannan wurare, domin kowace jijiya jini ne a cikinta.

Akwai dabara mai kyau ta gane wurin tun ana cikin aikin. Ana haɗa robar da na'urar ECG ta hanyar ruwan gishirin da ke cikinta ko wayar da ke yi mata jagora, sai bakin robar ya zama kamar kunne a cikin jijiya. A zanen bugun lafiyayyar zuciya akwai wani ɗan tudu da ake kira P. Yayin da robar ke kusantar ƙofar zuciya, tudun yana ƙara tsawo, kuma inda ya kai maƙura nan ne wurin tsayawa. To amma a cutar da likitoci ke kira AF, ɗakunan sama ba sa matsawa gaba ɗaya, karkarwa kawai suke yi fiye da sau 300 a minti, sai tudun P ya ɓace. Daga nan ne uzurin ya samo asali, kuma akwai gaskiya a farkonsa: tsohuwar dabarar ba ta aiki yadda aka saba. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa toshewar hanya ɗaya ta halatta tafiya cikin duhu.

Hanyoyi uku suna nan. Ta farko, likitoci a Italiya da Sin sun nuna cewa ƙananan igiyoyin karkarwar nan su ma suna ƙara tsawo idan robar ta iso ƙofar zuciya, don haka wanda ya sami horo yana iya karanta su. Ta biyu, na'urar sikanin: a ɗora ta a ƙirji ko a ƙasan ƙashin ƙirji, a tura ruwan gishiri cikin robar da sauri, a ga ko ƙananan kumfa sun bayyana a ɗakin dama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ta uku, hoton ƙirji, wanda ake gwada bakin robar da inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma yana tona asiri idan allura ta taɓa huhu iska ta taru. Hanya ta biyu da ta uku babu ruwansu da ko bugun zuciya yana tafiya daidai ko a rikice.

Ko mutumin da ya fara wannan aiki bai dogara da zato ba. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura roba ta jijiyar hannunsa, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto domin ya ga inda ta kai. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel. Gani ya kori ji. Abin da ya ga ya wajaba a kansa kusan shekara ɗari da suka wuce, da wace hujja za mu yafe wa kanmu shi yau?

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce gaggawa. Na yarda akwai lokacin da rai ke hannun Allah da hannun minti biyar, kuma likita yana da damar fara magani. Amma noradrenaline da amiodarone ana iya fara su na ɗan lokaci ta kanula mai kyau a babbar jijiyar hannu, ana sa ido, kafin a tabbatar da doguwar robar. Gaggawa tana jinkirta dubawa na wasu sa'o'i ne kawai. Robar da ta kwana uku ba a duba ta ba, sakaci ne ya hana. Za a ce ƙwarewa, wai wane ya sa ɗaruruwa. Gwani ma ba ya gani ta cikin fata, kuma jijiyoyin mutane ba iri ɗaya ba ne. Za a ce kuɗi. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ban kuma raina ta ba, domin kullum ina ganin masu jinya suna ƙirga canji a tagar ɗakin magani. Sai dai a gwada kuɗin hoto ɗaya da kuɗin jinyar daskararren jini a wuya, ko na maganin daji mai tsada da ya zube inda bai kamata ba. Asibitin da ke karɓar kuɗin sa roba ya kamata ya haɗa kuɗin tabbatar da ita a ciki, kada ya bar wa iyali zaɓin da ba su san haɗarinsa ba.

Ku ma iyalai kuna da naku laifin. Masu AF a wajenmu, waɗanda galibi hawan jini ko lalacewar ƙofofin zuciya ya jawo musu ita, da yawa suna shan maganin tsinka jini kamar warfarin, rivaroxaban ko apixaban, domin cutar tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Sau nawa ake kawo majinyaci a bar ledar magungunansa a gida? Allura a wuyan mai shan irin wannan magani tana buƙatar shiri, kuma mai shan warfarin sai an yi masa gwajin INR. Ku faɗi sunan maganin da lokacin da aka sha na ƙarshe, ku faɗi na gargajiya ma. Kada kuma ku dakatar da shi da kanku don kun ji za a yi aiki. Wannan hukuncin na likita ne.

Idan an ce za a sa wa naku wannan roba, ku yi tambaya cikin ladabi: An san bugun zuciyarsa a rikice yake? Da wace hanya za a tabbatar da inda bakin robar ya tsaya? An tabbatar kafin a fara maganin? An rubuta a fayil? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Bayan an sa, ku kira nas nan da nan idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko wuya ko hannu ya kumbura, ko majinyaci ya ji ƙarar ruwa a kunnensa lokacin da ake tura magani, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka taso, ko kuka ga robar ta ƙara fitowa waje.

Dattijuwar nan an gyara mata robar a daren, aka sake hoto, sannan na saki maganin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanarsu.