Sani Kaita, Nakata da Hakkin Ɗan Wasan da Ya Bar Fili

Shahara da farin jini ba abu ɗaya ba ne. Shahara ita ce a san sunan mutum a inda bai taɓa takawa ba. Farin jini kuwa shi ne a ambace shi a majalisa a ji fuskoki sun sake. A gidajen kallon ƙwallo na cikin birnin Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Gwale, ba a rasa misalin wannan bambanci.

Sani Kaita, haifaffen Kano, ya fito daga Kano Pillars, ya buga wa Sparta Rotterdam a Holan, sannan Monaco ta ɗauke shi. Yana cikin tawagar matasan Nijeriya da ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, inda Ajantina ta Lionel Messi ta yi nasara. A 2008 ya dawo daga Olamfik na Beijin da lambar azurfa. Amma duk wanda aka tambaya game da shi, abin da ke fara zo masa shi ne ranar 17 ga Yuni, 2010. Nijeriya na gaban Girka da ci ɗaya, Kaita ya kai wa Vasilis Torosidis hauri a bakin layi, alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, aka tashi 2 da 1. Har barazanar kisa sai da aka aika masa.

A Japan labarin ya sha bamban. Hidetoshi Nakata ya ci kofin Italiya na Serie A da Roma a 2001. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Brazil ta lallasa Japan 4 da 1 a gasar duniya ta 2006, ya ajiye ƙwallo yana da shekara 29. Mutanensa ba su ɗaure sunansa da wannan daren ba. Shi ma bai zauna jiran yabo ba: ya zagaya larduna 47 na ƙasarsa yana zama da manoma da masu sana'ar hannu, yana tallata aikinsu ga duniya.

Akwai kuma Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Turai ba ta san shi kamar Kaita ba, amma da shi Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2012 da 2013 da 2014, kuma mutane sun gani da idonsu. Farin jininsa na wanda ake haɗuwa da shi ne a unguwa.

Darasin ya shafi ɓangare biyu. Masu kallo su daina auna shekarun mutum da daƙiƙa guda. Laifin Kaita gaskiya ne, lambobinsa biyu na azurfa ma gaskiya ne. Hukumomin wasanni su tanadi wurin adana tarihin 'yan wasan Kano a filin wasa na Sani Abacha, domin abin da ba a rubuta ba, tsegumi ke gadonsa. Tsofaffin 'yan wasan kuma su duba inda sunansu zai yi amfani. Marinar Ƙofar Mata na maƙwabtaka da filin, dukawa na nan a Kasuwar Kurmi, duk suna neman mai kai hajarsu gaba. Sunan da aka sa a hidimar mutane ya fi jinkirin dusashewa.