Gunkin da ke gidan tarihi shaida ne, ba abin bauta ba

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin iyayen yara a nan Garu da cikin Malanbil: wai mu malaman lakwal muna koya wa 'ya'yan Musulmi gumaka. Dalili kuwa, littattafan Faransanci suna ɗauke da hotunan mutum-mutumin Girkawa da Rumawa, da labaran allolinsu irin su Zeus da Atena. Ni Musulmi ne, a makarantar allo na fara kafin boko, kuma na san inda tsoron ya fito. Amma ina ganin mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma wannan haɗin yana jawo mana asara a ƙofar gidanmu.

Gumakan da Manzon Allah (SAW) ya rusa ranar buɗe Makka, bauta musu ake yi a lokacin. Wannan ba gardama. To wa ke yi wa Zeus sujada a ajinmu? Su kansu Girkawan yau mafi yawansu Kiristoci ne, sun bar wannan addini tun ƙarnoni masu yawa. Duk da haka har gobe suna neman Ingila ta maido musu da sassaƙaƙƙun duwatsun ɗakin Partenon, waɗanda wani Bature mai suna Lord Elgin ya fara kwashewa daga birnin Atan a 1801, aka ajiye su a babban gidan tarihin Landan tun 1816. A 2009 har sabon gidan tarihi suka buɗe, suka bar gurbin kayan. Abin da suke nema a maido musu shi ne shaidar cewa kakanninsu sun iya wani abu.

Mu ma a Benin mun ga irin wannan. A watan Nuwamban 2021 Faransa ta maido da kaya 26 na fadar Abome, waɗanda sojojin Janar Dodds suka kwashe a 1892 lokacin yaƙi da Sarki Behanzin: kujerun sarauta, ƙofofin fada da siffofin sarakuna. Da aka baje su a Kwatano a 2022, Musulmi da Kirista duk sun bi layi don su gani. Ban ji wanda imaninsa ya ragu ba.

Magabatanmu ma ba su guji ilimin waɗannan mutane ba. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, an fassara littattafan likitanci da lissafi na Girkawa zuwa Larabci. Ibn Rushd, wanda alƙali ne kuma malamin fiƙihun Malikiyya, ya yi sharhin littattafan Aristotal. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan Rumawa. Kuma ƙasashen Musulmi ne ke riƙe da wasu manyan kufan Rumawa: Leptis Magna a Libiya, inda aka haifi sarkin Rum Septimius Severus, da gidan tarihin Bardo a Tunis, wanda ya yi suna da daɓen Rumawa na ƙananan duwatsu masu launi.

Wannan daɓen ne ya kawo ni gida. A Birnin Lafiya, cikin ƙasar Karimama da ke maƙwabtaka da mu, masu binciken tarihi ƙarƙashin Farfesa Anne Haour, tare da malaman jami'ar Abome-Kalabi, sun fara aiki a 2011. Sun tono wani tsohon kufai da aka zauna tun wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13. A ciki sun sami ɗakuna masu daɓen tsingaro, an jera fasassun tukwane ɗaya bayan ɗaya cikin tsari. Wato mutanen bakin wannan kogi namu sun san ƙawata ƙasan ɗaki kamar yadda Rumawa suka sani, kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi. Yara nawa a ajinmu suka taɓa jin haka? Suna iya zana taswirar Italiya, amma ba su san abin da ke kwance a ƙasar Dandi ba.

Ga inda asarar take. Mutumin da aka gaya masa cewa duk tsohon abu gunki ne, in garmarsa ta tono tukunya a gona, ɗayan biyu zai yi: ko ya fasa don tsoro, ko ya sayar wa ɗan kasuwa da kuɗin goro. Haka ta faru a Bura, yankin Tera a Nijar. An gano wurin a 1975, Boube Gado ya yi tono a 1983, daga baya masu haƙar sata suka yi wa yankin kaca-kaca, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai. Tukunyar da aka cire daga mazauninta ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke kusa da ita ba, ta zama bebiya, ba ta iya gaya wa kowa shekarunta.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Malamanmu na addini, Allah ya ƙara muku daraja, ku bambance wa jama'a tsakanin bauta da nazari, don maganarku ta fi tamu shiga kunne. 'Yan uwana manoma, in kun ci karo da tukwane, duwatsun wuya ko daɓe, ku bar su inda suke, ku sanar da mai gari ko ofishin magajin gari. Mu kuma malaman lakwal, duk ranar da muka buɗe shafin Girka da Rum, mu ɗora da labarin Birnin Lafiya.

Girkawa sun shekara ɗari biyu suna bin sawun abin da ya bar hannunsu. Namu mafi yawansa yana nan cikin ƙasa tukuna, kuma tsare shi bai kai wahalar roƙonsa daga baya ba.