Kwalbar Da Ya Kamata Mu Damu Da Ita

Ranar sunan ɗan gwaggona a Kabo, ina raba wa mata waina sai na ji wata tana raɗa wa ƙawarta: "Ai ɗan kwalba ne, irinsu ba sa ƙarko." Shekara goma sha ɗaya gwaggo ta yi tana jira kafin a yi mata dashen ƙwai. Yau yaron yana aji biyu a firamare, surutu kam ya fi ni.

Wannan magana ta rashin ƙarko har a nan makaranta na sha jin ta, daga bakin masu shirin karɓar difloma. To, jama'a, Louise Brown, wadda aka fara haifa ta wannan hanya a Ingila a 1978, tana nan da ranta, ta haifi 'ya'yanta biyu ba tare da dashe ba. A Abuja an haifi Hannatu Kupchi a 1998, ta girme ni ma. Binciken da ya bibiyi irin waɗannan yara ya nuna akasarinsu suna girma, suna karatu kamar sa'o'insu. E, akwai ɗan ƙarin haɗarin haihuwa da nakasa, amma ɗan kaɗan ne, kuma wani ɓangarensa daga shekarun iyaye ne da matsalar da ta hana su haihuwa tun farko. Ta fuskar addini, tun 1980 fatawar Azhar ta halatta, muddin ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, kuma aure na nan.

Abin da ya fi damuna shi ne tagwaye. Aikin yana cin miliyoyin naira, don haka iyaye kan roƙi likita ya dasa biyu ko uku, a yi ta ta ƙare. Ban ga laifinsu ba, wallahi. Amma cikin tagwaye ya fi zuwa bakwaini, kuma bakwaini shi ne mai buƙatar kwalba ta gaske, wadda ke son wuta dare da rana. Idan naƙuda ta taso wa mace a Gwarzo tana wata bakwai, ƙarfe biyun dare, a ce sai Kano, wa ya tanadi mota? Shi ya sa ƙasashe da yawa suka koma dasa ƙwai ɗaya, a daskarar da sauran don gaba.

In yayarki ko matar yayanka na shirin dashe, tambaye su: guda nawa za a dasa, kuma a wane asibiti za ta haihu?