Kada Mu Binne Rosarin Kaka Tare da Shi



Duk lokacin da wani dattijon Ikilisiya ya rasu a ƙauyukanmu na Gwiwa, Roni ko Kazaure, mun san abin da ke biyo baya. A buga hotonsa, a ɗinka anko, a dafa abinci, a yi ta cewa Baba mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. Gaskiya ne. Amma da an kwashe rumfa, kowa ya koma Kano ko Abuja, sai gidan ya yi tsit. Babu mai ƙara tara yara a yi addu'ar dare. A ganinmu, wannan sallama ce kawai, tunawar ba ta cika ba.

Mu duba irin mutumin da muke rakawa kabari. Masu bi a wannan yanki ba su da yawa. Dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, bai zama cikakken dayosis ba sai a 1999. Fada ɗaya kan zagaya ƙauyuka da dama, don haka ba kowace Lahadi ake samun Misa ba. To wa ya riƙe bangaskiya a tsakani? Katikist da kakanni. Mutum ne da zai dawo daga gonar gero a gajiye, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauki rosari, ya kira 'ya'ya da jikoki. Shi ne ya hau keke ya kai sunan jariri domin baftisma. Ya riƙe alkawarin aurensa har tsufa. Ya zauna lafiya da maƙwabtansa Musulmi, waɗansunsu ma 'yan'uwansa ne na jini, yana zuwa suna da gaisuwar mutuwa, bai kuwa saki Yesu ba.

A 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama Bishop na farko na sabon Dayosis ɗin Katsina, maƙwabtanmu. Duk mun yi murna. Amma Fada da Bishop a gida ake fara renonsu, a kan irin waccan tabarma. Manzo Bulus ma, da yake yabon bangaskiyar Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sai da ya ambaci kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, domin a wurinsu ta fara zama.

Wani zai ce babban bikin jana'iza ai girmamawa ne. Ba mu ƙi ba. Sai dai sau nawa ake cin bashin anko domin tsohon da bai sami kuɗin magani ba yana raye? Shi ya sa muke ganin hikima a abin da Paparoma Francis ya yi a 2021, da ya keɓe Lahadi ta huɗu a watan Yuli ta zama ranar kakanni da tsofaffi, kusa da 26 ga Yuli, idin Waliyyai Yowakim da Ana, kakannin Yesu. Ranar tana tuna mana cewa girmamawa tun da rai ake fara ta.

Don haka muna roƙon kowane ɗan zumunta ya yi abu uku. Idan kakanka yana raye, je ka zauna da shi, ka kunna waya ka naɗi muryarsa. Tambaye shi wa ya fara yi masa wa'azi, a ina aka yi masa baftisma, me ya sha saboda sunan Yesu. Idan ya riga mu, rubuta abin da iyaye suka sani kafin su ma su tafi, ka kuma ba da sunansa a yi masa addu'a ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da masu bi da suka rasu. Na uku, wanda ya fi wuya, ka zama mai kiran addu'ar dare a gidanku, ko da kai ne ƙarami, ko da mutum biyu ne kawai suka amsa.

Gona da rumbu za a raba su, kowa ya ɗauki nasa. Rosarin nan kuwa, idan babu wanda ya miƙa hannu, da mai shi za a binne shi.

Ya Ubangiji, ka ba kakanninmu da suka rasu hutawa ta har abada, ka ƙarfafa waɗanda suke raye, mu kuma ka ba mu zuciyar riƙe abin da suka riƙe. Amin.