Lafiya Uwar Jiki: Atisayen Yau Ke Tsara Na Gobe

Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidaje, har garuruwanmu irin su Sukuntuni da kewayen Kankiya da Kusada. Mace za ta je asibiti a ce ta riƙa motsa jiki, sai ɗanta ko maigida ya sa mata manhajar tattaki da sassarfa a waya. Kwana biyu sai ki ji ƙorafi: an rubuta mata minti 30 gobe, tana gama na yau aka mayar da shi 20. Wata ta ce abin ya lalace, ta watsar ke nan.

Ba lalacewa ba ce. Tsarin iri biyu ne. Akwai tsayayye, kamar Couch to 5K wanda Josh Clark ya tsara a Amurka a 1996: mako 9, sau uku a mako, kowa abu ɗaya zai bi. Akwai kuma mai bin jiki, irin na agogon Garmin. Shi wannan a ranar farko ƙiyasi kawai yake yi da bayanan da kika ba shi. Amma da zarar kin kammala atisaye, ya sami shaida: nisan da kika ci, lokacin da kika ɗauka, da yadda zuciyarki ta buga. In kin yi cikin sauƙi ya ɗan ƙara miki, in kin sha wuya ya rage ko ya ba ki hutu.

Dalili kuwa, ƙarfi ba a lokacin gudu yake shiga jiki ba. Gudu gajiyar da tsoka yake yi, barci da abinci ne ke gyara ta, ta dawo da ƙwari fiye da da. In kika ɗora sabon nauyi kafin gyaran ya kammala, sai ciwon gwiwa da kasala, daga nan a daina gaba ɗaya, ciwon da ake gudu kuma yana nan.

Sannan jikinmu ba kullum yake ɗaya ba. Daren da yaro ya hana ki barci, kwanakin al'ada, shayarwa, ƙarancin jini, azumi, da zafin Afrilu da ke kai maki 40 a ƙasar Katsina, duk suna sa zuciya ta ƙara bugu a kan aikin da ta saba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Ashe jikin bara ba shi ne na bana ba.

Ko ba ki da agogo ko waya, za ki iya yi wa kanki wannan awo. Da kin farka, kafin ki tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ki ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ki ninka biyu. Na baligi yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Ki san naki na kullum. Ranar da ya haura sosai, ki sassauta. Kina cikin tafiya kuma, in haki ya hana ki magana, kin wuce gona da iri. In kin wayi gari garau sau uku a jere, ƙara minti biyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato 30 sau biyar. Zagayen tsakar gida da sauri bayan sallar asuba ma ya shiga lissafi, kuma ba laifi ki fara da minti 10. Mai ciki, mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, da mai hawan jini, su fara tuntuɓar likita. In kika ji ciwon ƙirji ko jiri, tsaya nan take ki nemi asibiti.

Don haka uwargida, ranar da aka rage miki kada ki karaya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.